Taku Goma Sha Ɗaya Zuwa Ɗakin Gwaggo

Daga kujerar da Manaja yake miƙe ƙafa a falo zuwa bakin gadon mahaifiyarsa, taku goma sha ɗaya ne. Ba ji na yi ba, da ƙafata na auna, ranar da ya kira ni in sa wa Gwaggo soket a kan gadonta. Ni gyaran wayar hannu nake yi, shagona yana jikin katangar gidan, Gwaggo kuwa yayar mahaifina ce. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan da hannuna a ciki dumu-dumu, ba wanke kaina na zo yi ba.

Wata safiya Gwaggo ta yanke jiki ta faɗi a gaban keken ɗinkinta, keken da ta shekara talatin tana ɗinka wa 'yan makaranta yunifom da shi. A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge ta. Sai a kwana na uku ta buɗe ido. Manaja, babban ɗanta, ya sunkuya kanta yana tambaya ko ta gane shi. Gwaggo ta dube shi sau ɗaya ta ƙwalla ƙara har ma'aikaciyar jinya ta yar da faranti. Da ta natsu ta ce ta gane shi sarai, ɗanta ne, muryarsa ce, amma idonsa na hagu ya zazzago ya sauko kan kunci, bakinsa ya ja har kunne, hancin kuma ya kwanta gefe guda.

Matar Manaja, wadda kowa a gidan yake kira Anti, ta matso don a ga ita tata fuskar lafiya lau take. Gwaggo ta ce ai tata ta fi lalacewa. A gaban mutane ta faɗa, ga Anti ta ɓata awa guda gaban madubi kafin ta fito dubiya. Auta, 'yar Gwaggo ta ƙarshe, ta fashe da kuka tun kafin a zo kanta. Manaja ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa kan tsohuwa ya taɓu.

Likitar wata mace ce mai magana a hankali. Ta tara mu a ofishinta ta ce babu hauka ko kaɗan a lamarin. Jinin ya taɓa wani wuri ne a bayan ƙwaƙwalwa, wurin da yake haɗa ido da hanci da baki ya mai da su fuska. Idon Gwaggo ƙalau yake, tana ganin kofi kofi, ƙofa ƙofa, fuskar mutum ce kawai take zuwar mata a karkace. Ta karɓi wayar Manaja, ta buɗe hotonsa, muka koma ta nuna wa Gwaggo. Gwaggo ta yi murmushi ta ce yauwa, ga ɗanta nan yadda ta haife shi. Likita ta ce ana samun haka, wasu a hoto ko a waya suna ganin fuska daidai, ido da ido ne abin yake juyewa. Wataƙila ya yi sauƙi, wataƙila ya zauna.

Daga nan ta ɗaga hannun Gwaggo na hagu, wanda ciwon ya kashe wa ƙarfi, ta ce mu saurara da kyau, wannan ya fi na fuskar gaggawa. Dole kullum safe da yamma wani ya zauna ya riƙe hannun nan, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su, ya murza, na minti ashirin. In an yi, akwai sa ran za ta sake riƙe yadi a kan keke. In an bari, cikin 'yan watanni yatsun za su dunƙule, kuma in sun dunƙule shi ke nan. Sau biyu ta faɗa, ta kuma rubuta a takarda. Duk muka gyaɗa kai, Manaja har da cewa wannan ai ƙaramin abu ne.

Magana biyu likita ta ba mu. Gidan nan suka riƙe ta farko kamar karatu, ta biyun kuwa ba ta ko kai bakin get ba.

Makon farko bayan an sallamo ta an yi abin kirki, ba zan yi musu ƙarya ba. Anti ta shiga da safe, Auta da yamma. Gwaggo in ana murza mata hannu sai ta kafa ido a bango, ko ta runtse, domin kallon yana sa ta jiri. Bayan kwana huɗu Anti ta ce ita ba za ta iya ba, tana yi wa mutum wahala yana kau da kai kamar an kawo masa shara. Auta ta ce ita ba ƙi take ba, zuciyarta ce ba ta da ƙarfi, duk lokacin da ta tuna yadda Mama take ganinta sai ta kasa cin abinci. Na ga abincin da ta kasa ci ɗin, cokali biyu ne ya rage a faranti.

A nan ne Manaja ya kawo dabara. Shi mutum ne mai son a ce ya warware matsala, a ofis ma da haka aka san shi. Ya zo shagona yana murna, ya ce me zai sa a riƙa tsorata tsohuwa alhali likita da bakinta ta ce ta waya ta fi ganin su daidai? In kafa mata waya a kan gado, a riƙa kiran ta ta bidiyo, ta ga 'ya'yanta da kyawunsu, jininta ya kwanta. Wallahi a lokacin ni ma sai na ga dabara ce. Na samo mariƙin waya mai dogon wuya, na huda bango, na ɗaure shi da ƙusa huɗu, na ja soket, na saita wayar yadda da an kira za ta ɗauka da kanta. Aiki ne mai tsabta, har na tsaya ina yaba wa kaina.

Kiran farko Gwaggo ta yi hawayen daɗi. Manaja yana falo, taku goma sha ɗaya, tana jin muryarsa ta bango tana kuma jin ta ta waya, ta waya tana ɗan makara. Ta ce masa ya yi kyau, ya shigo mana. Ya ce a'a Mama, haka ya fi miki sauƙi.

To, hannun fa? Shi ma an samo masa dabara. Ƙarfe bakwai na safe Anti za ta kira daga kicin, ta jingina wayarta da gwangwanin madara, ta ɗaga nata hannun mai lafiya tana buɗewa tana rufewa, tana cewa Mama yi haka, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Gwaggo ta ce mata hannun ba ya jin magana, sai an kama shi. Anti ta ce ai sa rai ne, ta daure, da hannun dama ta taimaka wa na hagu. Na taɓa shiga kicin ɗin neman ruwan zafi na tarar ana wannan atisaye, Anti tana ƙirga ɗaya biyu tana juya ƙwai. Ko minti uku ba a yi ba ta ce sabis ya ɗauke.

Abinci kuwa a kan wata 'yar kujera ake ajiyewa daga cikin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a juya da sauri. Wai don kada ta ga fuska abincin ya fita ranta. Shara da wanki sai an ji ta shiga banɗakin da ke cikin ɗakin, sannan a faɗa a kwashe a fito, kamar masu sata.

Wata rana Gwaggo ta dogara sandarta ta yi takun nan goma sha ɗaya da kanta. Ta tarar Anti da ƙawayenta uku a falo. Ta gaishe su idonta a ƙasa, ta nemi gefen kujera ta zauna. Ɗaya daga cikinsu mai tsokana ta ce Mama, ni yaya kike ganina? Gwaggo ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa mata. Washegari sandar ta ɓace. Manaja ya ce shi ya ɗauke, tayil ɗin falo yana da santsi, in ta sake faɗuwa wa za a zarga? Ɗakinta ƙarami ne, tana iya dafa bango ta kai banɗaki, me kuma take nema a waje?

A guruf ɗin dangi na waya kuwa kullum sai Auta ta saka hoton kiransu na bidiyo: ga Gwaggo a babban gefe, ga ita a ɗan ƙaramin lungu tana murmushi, a ƙasa ta rubuta ni da Mamana yau. Dangi na nesa suna ta sa albarka, wai Gwaggo ta yi dacen 'ya'ya. Har wata inna tamu ta kira ni tana cewa mu yi koyi da su.

Wata na biyu kiran ya koma sau ɗaya a rana. Wata na uku Manaja ya gano cewa saƙon murya ya fi, domin tsohuwa za ta iya saurara ta maimaita duk lokacin da ta yi kewa. Auta ta je aka wanke mata hotunansu manya-manya, aka sa a firam, aka jera a bangon da yake fuskantar gado. Ni aka kira na kafa ƙusoshin. Auta ta tsaya daga bakin ƙofa ta ba mu baya, tana cewa yanzu ai Mama ba za ta yi kaɗaici ba, dare da rana suna tare da ita.

Sai wayar ta fara lalacewa. Anti ta leƙo shagona ta ce kira ba ya shiga, in je in duba. Na shiga kaina a sunkuye kamar yadda na saba, don kada in tsorata ta, na gaishe ta, na ga caja ce ta zare. Na mayar. Gwaggo tana cewa zauna mana ɗan nan, yaya yara, ni kuwa na ce na bar shago a buɗe. Hannun yana ƙarƙashin mayafi, ban ko kalli wajen ba.

Bayan kwana shida ta sake mutuwa. Wannan karon ruwa na samu a ciki. Na ɗauke ta na kai shago, na buɗe, na busar, na goge, kafin azahar na mayar da ita tana aiki garau. Gwaggo ta ce kai, har ka gama? Na ɗauka yabo ne, na ce ai Gwaggo hannuna ba ya wasa.

Karo na uku caji ne ya ƙi shiga. Na zauna a bakin gadon na haska ramin cajin da tocila, na sa hantsaki na zaro abin da ya toshe shi. Guntun allura ne, ta keken ɗinki, an karya ta a ciki. Shekara ashirin ina wannan sana'a, na ciro ƙasa, na ciro auduga, na ciro ƙwayar shinkafa, amma allura ba ta shiga ramin caji da ƙafarta. Na ɗaga kai na dube ta, na manta ma da zancen fuska. Ta ɗan yi firgigit, ta runtse ido, sannan ta buɗe ta daure ta ci gaba da kallona.

“Kai ma taka a karkace take,” in ji ta, “amma ka ga na mutu? Ni na zare, ni na zuba ruwan, ni na karya allurar. Na ce ko in ta mutu wani zai shigo. Kai kuma sai ka yi ta gyarawa.”

Na rasa inda zan sa kaina. Ta ce tunda na zauna, in taimaka in yanke mata farce, sun dame ta. Ta janye mayafin. Hannun ya dunƙule tamau, wuyan hannun ya lanƙwashe ciki, babban yatsa ya shige ƙarƙashin sauran. Na gwada ɗaga yatsa ɗaya ta yi ƙara. Faratan sun yi tsawo sun nutse cikin tafin, wurin ya yi ruwa, yana wari. Wata huɗu ke nan ba wanda ya taɓa hannun nan, har da ni da nake shiga ina fita da sukurdireba.

Da yamma na tare Manaja a bakin get na faɗa masa komai, na nuna masa guntun allurar a tafina. Yana kaɗa makullin mota ya ce lallai abin ya girmama, tunda ta fara ɓarna. Washegari sai ga shi da kwali a hammata. Sabuwar waya ce, babba, wadda ruwa ba ya shigarta, kuma ba ta da buƙatar a soka mata caja, ɗora ta ake yi a kan faifai. Ya ce in kafa ta sama kaɗan, inda hannun tsohuwa ba zai kai ba. Da na ce masa zancen hannu nake yi, ba zancen waya ba, ya ce ai Anti tana yi mata atisaye kullum, yana ji da kunnensa.

Ban kafa ba sai da na yi masa sharaɗi cewa zai kai ta asibiti. Kafin ranar ta zo, kullum da rana nakan rufe shago in shiga, in jiƙa hannun a ruwan ɗumi, in wanke ciwon, in yi ta lallaɓa yatsun. Gwaggo tana kallon bango tana ba ni labarin yadda ake yanka wuyan riga. Wani lokaci ta juyo ta dube ni, ta ce yau idona ya kusa kai haɓa, mu yi dariya. Ashe abin da ya kori gida guda ke nan. Ciwon tafin ya warke, amma yatsun ko motsi.

Ranar asibiti kowa ya ci ado. Manaja da babbar mota, Anti da ƙaton gilashi baƙi wai don ta rage wa Mama wahala, Auta tana ɗaukar hoto a hanya. Likita ta kama hannun, ta juya, ta gwada. Sannan ta tambaya wa yake yi mata motsa hannun. Manaja ya zaro wayarsa ya buɗe jerin kira yana nuna mata, ya ce ta duba da kanta, ba ranar da ta wuce ba a neme ta ba. Anti ta ce ita ce mai safe. Likita ta ce da hannu take nufi, wa yake kamawa? Sai Manaja ya ce, cikin ladabi irin na ofis, ai ita ce ta ce ta waya ta fi ganin su daidai, su umarnin likita suka bi.

Likita ta cire gilashinta ta ajiye a tebur. Ta ce jijiyoyin sun riga sun ƙage, za a ci gaba da wankewa da motsawa don kada ya yi ciwo, amma zancen riƙe yadi a manta da shi. Auta ta fara kuka, ta ce ita dama zuciyarta ta faɗa mata. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ido cikin ido, ba ta runtse ba. Na san abin da take gani.

“Ni na taɓa cewa ku fita?” ta ce. “Cewa na yi fuskarku ta karkace. Da kashi da majina na gan ku, ban gudu ba.”

Muka tashi muka fito. A mota ne Anti ta ce likitar nan ba ta iya magana da manya ba.

Mun dawo da la'asar. Na kai Gwaggo ɗaki na gyara mata matashi. Ina jin Manaja a falo yana kai da kawo, har na ce a raina yau kam zai shigo. Na ji takunsa ya nufo mu, ɗaya, biyu, uku, ya tsaya. Sai kujera ta yi ƙara. Sai wayar da ke saman gado ta haska, ta ɗauka da kanta, ga fuskar Manaja fes, ido a inda ido yake, baki a inda baki yake, yana cewa Mama ki yi haƙuri, sharrin rashin sani ne.

Gwaggo ta bar shi ya gama. Da ya kashe, ta tambaye ni ko wuyan mariƙin nan yana lanƙwasuwa ƙasa. Na ce yana yi. Ta ɗora dunƙulallen hannun a kan matashi, ta janye mayafin, ta ce in saita wayar a kansa, kusa sosai, kada fuskarta ta fito ko kaɗan, in kuma ɗaure yadda ba mai iya juyawa.

“Wata biyar ina kallon abin da ya karkace ina haƙuri,” ta ce. “Su ma su ɗan taɓa.”

Na saita, na ɗaure da ƙusa biyu, ban taɓa aikin da na yi da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Washegari ƙarfe bakwai Anti ta kira daga kicin, na ji an ce wayyo, an kashe. Auta ta kira sau ɗaya, ranar ba a ga hoto a guruf ɗin dangi ba. Manaja ya fi su ƙoƙari, ya kai kwana uku. A na huɗu ya tsaya a shagona ya ce in mayar da wayar yadda take, ganin hannun nan yana tayar masa da hawan jini, kuma likitansa ya hana shi damuwa.

Na ce masa sukurdirebata ta ɓace. In yana so ya juya ta da kansa, ɗakin yana nan inda ya bar shi, taku goma sha ɗaya ne daga kujerarsa. Yau sati bakwai ke nan, wayar tana nan tana kallon hannun.